Ɗan Hakin Da Ka Raina

Bashi hanji ne, yana cikin kowa. A ƙauyukanmu na Jazira da bakin kogin Nil Azrak a nan Sudan, daga Mai Wurno zuwa Sinja har karkarar Wad Madani, da wuya ka sami gidan da ke kai damina ƙarshe bai ci bashin wani ba. Don haka ba cin bashi nake so mu tattauna ba. Magana ce kan ɗan ragowar nan da ke saura bayan an biya mafi yawa, wanda mutum ke dubawa ya ce, "Ai wannan ba wani abu ba ne, zan kai in na shiga gari." A shekarun da na yi ina gabatar da shirin manoma da ƴan kasuwa a rediyo, na lura babban bashi bai cika kayar da mutum ba, domin yana hana shi barci har sai ya biya. Ƙaramin shi ke ɓarna, saboda shi ake mantawa.

Ga mai karatu na Kano ko Maraɗi da bai san mu ba, bari in yi ɗan bayani. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammad Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na farko, ya yo gabas da jama'arsa har suka kafa garin da ake kira da sunansa kusa da Sinnar. Wasu kakannin namu kuwa mahajjata ne da suka yada zango a hanyar Makka suka zauna. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gandun auduga na Jazira, hannun Hausawa na cikin hannayen da suka yi shuka da tsinka. A can baya lissafin gandun na haɗaka ne: a sayar da auduga, a cire abin da aka kashe, a raba riba tsakanin gwamnati da masu gudanarwa da manoma. A 1981 aka koma lissafin kowa da kansa. Daga nan kowane mai hawasha, wato gonar da gandun ke ba manomi, ya sami shafinsa da sunansa a kai. Bashin da ake ɗauka tare ya zama na mutum ɗaya.

Amma tun kafin wannan shafi akwai wani littafin da ya fi shi kusa da mu, wato littafin mai kanti. Kawuna ya yi shekaru yana tsaron kanti a ƙauyenmu, kuma ina yaro ni nake rubuta masa. Sukari, ganyen shayi, man girki, sabulu, duk a kan alkawarin kaka. Bai taɓa jin wani abu wai shi makin amana ba, amma yana da nasa a ka. Akwai wanda zai turo yaro da saƙon baki a ɗauko masa buhun sukari. Akwai wanda ko kwalin ashana ya nema sai an ga kuɗi a hannunsa. Abin da ya ɗaure min kai a lokacin shi ne, wasu daga cikin waɗanda aka fi yarda da su sun fi kowa nauyin bashi a littafin.

Wata rana na tambaye shi dalili. Ya ce, "Kai yaro ne. Wancan da kake gani, in ranar biya ta matso bai samu ba, da ƙafarsa yake zuwa ya gaya mini. Wannan kuwa ƴan canji nake binsa, amma tun da suka shiga tsakaninmu ya sauya hanyar zuwa masallaci." Ashe ba yawan kuɗin yake aunawa ba. Abin da mutum ya yi a ranar alkawari shi yake dubawa.

Bankuna ma abin da suke dubawa ke nan, sai dai littafinsu ba shi da kunne. A Sudan bankunanmu na tsarin Musulunci ne, don haka ba a maganar kuɗin ruwa. Ana yin murabaha: banki ya saya maka kaya, ya sayar maka da riba, ka biya kashi-kashi. Ana yin salam: banki ya ba manomi kuɗi yanzu, ya karɓi amfanin gona a kaka. Bankin Manoma na Sudan ya daɗe yana wannan. A 2011 kuma aka yi dokar da ta kafa hukumar tattara bayanan masu karɓar bashi da auna amanarsu, ƙarƙashin kulawar Babban Bankin Sudan. Duk mai neman kuɗi a banki ana ba shi lamba tasa ta kansa, kuma abin da ya yi a wannan banki, wancan bankin zai gani. A da in ka ɓata da mai kantin gabas sai ka koma na yamma. Yanzu duk kantunan littafi ɗaya suke karantawa.

Akwai wani dattijo da ya taɓa bugo waya a shirinmu daga wani ƙauye a gefen Sinnar. Ya karɓi injin ban ruwa ta hanyar murabaha a wani banki don lambunsa na bakin kogi. Ya biya duk kasonsa a kan lokaci, sai a na ƙarshe ya aiki ɗansa, kuɗin ya gaza da abin da bai kai farashin jarkar man injin ba. Ɗan bai faɗa ba, uban bai nemi takardar shaida ba. Da damina ta gabato ya je wani bankin neman salam don noman riɗi, aka shigar da lambarsa, aka ce masa ana binsa.

Na ce, "Baba, to ba ka biya ba da aka gaya maka?"

Ya ce, "Ɗana, a ranar na biya. Amma kafin takarda ta je ta dawo, ruwa ya zauna, maƙwabtana sun gama shuka."

Abin da ya rage masa shi ne shel, tsohon tsarin nan da ɗan kasuwa ke ba manomi kuɗi ko hatsi da damina, ya karɓi amfanin gona a kaka kan farashin da shi ya yanke tun farko. Dattijon ya yi noma, riɗi ya yi kyau, amma ribar ta tafi rumbun wani. Kuɗin jarka guda ya ci masa kaka guda. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ƙasar da ta fi kowa nisa a wannan lissafi ita ce Amurka, kuma ya kamata mu san yadda nata yake, domin muna da ƴan'uwa a can. Suna da katin bashi: ka yi sayayya da shi, a ƙarshen wata kamfani ya turo maka lissafi. Manyan kamfanoni uku, Equifax da Experian da TransUnion, su ke ajiye tarihin kowa. Daga tarihin ake fitar da maki, wanda aka fi sani da FICO, daga 300 zuwa 850. Kashi 35 cikin 100 na makin ya dogara ne kan abu ɗaya, wato biya a kan lokaci. In ka makara da ƴan kwanaki, yawanci tara kawai za a ci ka. In makarar ta kai kwana 30, kamfanin katin zai iya kai rahotonka, kuma tabon na iya zama a tarihinka har shekara 7. A rahoton, "ya makara kwana 30" za a rubuta, ko dala 10 ce ko dala 1,000. Kuma wanda makinsa ya fi tsabta shi ya fi faɗuwa da nisa, kamar farar riga da ɗigon manja.

Wani abokin karatuna da ke zaune a can ya zo gida ganin mahaifiyarsa, ya yi wata biyu. Kafin ya taso ya biya duk abin da ke kan katinsa. Bayan tafiyarsa sai wata manhaja da yake biya duk wata ta cire ƴan daloli, lissafi ya fito, ba wanda ya gani. Da ya koma ya nemi mota bashi don aikin tuƙi, sai aka yanka masa sharaɗi mai tsada. Ya ce mini abin da ya fi ƙona masa rai shi ne babu wanda zai zauna da shi ya ce masa, "Uwata na je gani." A Saudiyya, inda samarinmu da yawa ke ci-rani, akwai SIMAH mai irin wannan aiki. A Nijeriya an yi dokar bayar da rahoton bashi a 2017, ga kuma lambar BVN da ke haɗa duk asusun mutum wuri guda. Duniya ta koma littafi ɗaya.

A nan gida akwai ƙarin haɗari da ya kamata a faɗa ƙarara. Sau da yawa mai ba da bashi kan karɓi cek a matsayin jingina. Cek ɗin da ya dawo babu kuɗi laifi ne a sashe na 179 na dokar manyan laifuka ta 1991, kuma kowane ɗan Sudan ya san kalmar nan ta kotu, yabƙa li hinis sadad, wato a ci gaba da tsare shi sai ya biya. Manoma da yawa sun kwana a kurkuku a kanta. Haka nan a bashin ƙungiya da ake ba mata masu ƙananan sana'o'i, makarar mace ɗaya kan tsayar da sauran. Ko a adashi, wanda a nan ake kira sanduƙ, wadda ta saba jinkirta zubi ita ake turawa ƙarshen ɗauka, in ma an sake sa ta.

Me ya sa nake wannan magana yanzu? Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya iso Wad Madani a Disambar shekarar, ya kai Sinja a tsakiyar 2024. Mutane sun bar gidaje da gonaki da injina. A Fabrairun 2024 layukan waya da intanet suka ɗauke, wanda ke biya ta manhajar Bankak ya rasa yadda zai yi ko da kuɗin na asusunsa. Waɗanda ke komawa gida suna komawa ne hannu biyu, suna bukatar iri da mai da taki. Wanda zai ba su, banki ne ko ɗan kasuwa ko ɗan'uwa da ke Jidda, tambaya ɗaya zai yi: yaya biyansa yake a baya? Mutumin da aka kwashe masa komai, sunansa kaɗai ne jarin da ya rage masa.

Shawarar da nake maimaita wa masu sauraro ba ta da yawa. Ka san ranar biyanka kamar yadda ka san ranar kasuwa. In ka ga ba za ka samu ba, je ka faɗa kafin ranar, ka nemi a rubuta sabon wa'adi. Kada ka bar wurin biya ba tare da rasit ba, ko da ɗanka ka aika. In ka gama biyan bashi, nemi takardar da ke cewa ba a binka ko sisi, ka adana ta tare da takardun gona, ka ɗauki hotonta a waya. Kada ka sa hannu a cek ɗin da ba a rubuta adadi ba. Kada ka tsaya wa mutum sai ka shirya biya a madadinsa. Kafin damina da wata biyu, je ka tambaya ko akwai wani abu a kan lambarka, domin lokacin shuka ba ya jiran takarda. Mai katin bashi a ƙasar waje kuma, kafin ka taso gida ka sa asusunka ya riƙa biyan mafi ƙarancin abin da ake nema da kansa.

Ga masu riƙe da littafin kuwa, ina da roƙo. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani ita ce ta rubuta bashi, a Suratul Baƙara, kuma gab da ita akwai wadda ta yi umarni a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Biyun tare suke tafiya. Manomin da ya gudu da iyalinsa cikin dare ba ɗaya yake da mai cin amana ba, bai kamata shafinsu ya zama iri ɗaya ba. A buɗe ƙofar da mutum zai shiga ya yi bayani, a kuma goge tabo da sauri idan an biya.

Kafin a kai ga haka, abin da ke hannunmu shi ne mu daina raina ragowa. Allah ya ba mu ikon sauke abin da ke wuyanmu, babba da ƙarami.