Tal ko Petrosiyan?

Darar Turawa, wadda Faransawa ke ce ma eshek, gida 64 gare ta. Kowane ɗan wasa yana da ƴaƴa 16. Yanzu a intanet akwai tambayoyi da ake yi ma masu koyonta: kai hari ka fi so ko tsaron gida? Kana da haƙuri? In yaro ya amsa, sai a ce mishi shi Tal ne, ko Petrosiyan.

Mikayil Tal mutumin Riga ne. Yakan bar abokin karawa ya ci dokinshi da gangan, don ya samu hanyar kama sarki. A 1960 ya ka da Botbinik, ya zama zakaran duniya yana da shekara 23. Tigiran Petrosiyan kuwa, Ba'armeniye, sai ya toshe kowace kafa tukuna, kamar mai gyaran danga kafin damina. Shi ma Botbinik ɗin nan ya ka da, a 1963.

Tambayoyin suna da daɗi, amma akwai illa. Yaron da aka ce ma Tal sai ya raina tsaron gida, a yi ta cinye shi har ya bar wasan. Ba a gaya mishi Petrosiyan, mai haƙurin nan, shi ma ya yi suna wajen ba da hasumiya a bakin doki in ya hango riba.