Ƙidayar shaho da shirwa, daga mashigin Jibralta zuwa kwarin Maggiya

Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Mayu, tsuntsaye masu farauta da suka yi rani a Afirka kan koma Turai da Asiya don yin ƙwai. Manyansu ba su cika kaɗa fiffike ba. Iskar zafi da ke tasowa daga ƙasa idan hantsi ya yi ita ke ɗaga su sama, sai su baje fiffike su zarce. Irin wannan iska ba ta tashi a kan teku, shi ya sa suke tururuwa inda ruwa ya fi ƙunci, kamar mashigin Jibralta mai faɗin kilomita 14 tsakanin Maroko da Sifen, da mashigin Mesina a Italiya, ko su kewaya ta Eilat a bakin Bahar Maliya.

A irin waɗannan wurare mai ƙidaya tsayawa yake yi, tsuntsu ya zo ya same shi. A tuddan Tarifa na kudancin Sifen ana fitowa tun da safe da madubin hangen nesa, ana rubuta irin tsuntsu da adadinsa da inda iska ta fuskanta, awa bayan awa. Shirwa ce kan fara wucewa, sai gaggafa mai cin maciji a watan Maris, shaho mai tonon gidan zanzaro kuma sai ƙarshen Afrilu. A Eilat an ƙidaya fiye da miliyan ɗaya a bazarar 1985. Al'adar ta samo tushe a Amurka a 1934, lokacin da Rosalie Edge ta karɓi hayar dutsen Hawk Mountain a jihar Pennsylvania, inda maharba ke harbin shaho, ta sa Maurice Broun ya tsare wurin yana ƙidaya.

A Malbaza da Birnin Ƙonni da Illela babu mashigi irin wannan. Nan masauki ne, kuma daga nan tafiyar ke farawa. Tsuntsayen a warwatse suke bisa gonakin hatsi da aka girbe, da saura, da fadamun Maggiya, don haka mai ƙidaya shi ke bin su. Masanin Faransa Jean-Marc Thiollay ya bi hanyoyin Nijar da Mali da Burkina Faso a mota tsakanin 1969 da 1973, yana rubuta duk mai farautar da ya hanga, ya sake bin hanyoyin a 2003 da 2004. A wajen gandun daji ya tarar manyan ungulaye sun ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari.

Wani shaho mai dogon fiffike, namijinsa launin toka, wanda masana ke kira da sunan Montagu, shi aka fi bincika. Yana ƙwai a gonakin alkama na Holan da Faransa da Folan, a Sahel kuma fara ce abincinsa. Masu bincike daga Holan sun yi ta taka daji a ƙasa a Nijar da Senegal suna ƙidaya fara, da magariba su tsaya kusa da ciyawar da tsuntsayen ke kwana su ƙirga masu sauka. Na'urar da suka ɗaura wa wasu a baya ta nuna cewa inda ƙasa ta fi bushewa a Maris, shahon kan ƙara wahalar neman abinci, ya makara wurin tashi, ya kuma isa Turai a makare.

Ƙidayar da yankin Maggiya ya fi sabawa da ita ta tsuntsayen ruwa ce a watan Janairu, kuma madatsun Mozage da Cerasa suna cikin wuraren da ƙungiyar BirdLife ta ware a matsayin masu muhimmanci. Sai dai wannan ƙidaya ba ta kai lokacin tashin shaho.

Manomi kuwa lokaci yake karantawa a jikin tsuntsu, adadi bai dame shi ba. Idonsa na kudu, ga shamuwa da ke sauka a itatuwan gari gab da damina, da shirwa mai rawayen baki da ke biyo ruwa tana sure ƴan tsaki. Tashin baƙin Turai ya faɗo daidai da cirar albasa a Galmi da tsananin zafi, ba kasafai ake lura da shi ba. Amma ƙarancin ungulu a mahauta kowane dattijo ya san da shi, kuma shaidarsa ta zo ɗaya da ta Thiollay. Cinikin sassan jikinta don magani na cikin dalilai: a 2014 an kashe a Nijar wata farar ungulu da aka ɗaura wa na'ura a Girka.

Alƙaluman Tarifa suna faɗin tsuntsu nawa ya komo, amma wani ɓangare na abin da ke samunsa yana cikin gonakin Sahel. Bin titin Ƙonni zuwa Madawa ta Malbaza a mako ɗaya na kowane Maris, da littafi da madubin hangen nesa, aiki ne da ɗalibai da ma'aikatan gandun daji za su iya yi ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba.