Ranar Jere da Shekarun Zama

Ɗan'uwana mai karatu, idan ka bi hanyar da ta tashi daga Birnin Kebbi ta ratsa Ambursa ta nufi Argungu bayan kaka, sa'ad da amfanin gona ya shigo hannu aka shiga hidimar aure, da wuya ka kai ƙarshenta ba ka gamu da a-kori-kura ɗauke da kayan ɗakin amarya ba. A dā daga nesa ake gane su: gadon ƙarfe, da kabad mai nauyi wanda sai ƙarti huɗu sun kama. Yanzu kuwa sau da yawa fallayen katako ne a cikin kwali, an jera su kwance kamar tabarmi, da ɗan ƙullin sukurori a leda. Kafinta ya zo da la'asar ya harhaɗa, kafin rana ta fāɗi gado ya tsaya, wadirob ya tsaya, madubi yana sheƙi. Masu jere su yi guɗa, baƙi su yaba, kowa ya watse. Ina so mu yi tunani a kan abin da ke biyo baya, gama ranar jere ɗaya ce, zama kuwa na shekaru ne.

Bari mu fara da sanin abin da muke saya. Yawancin waɗannan kaya ba daga gungumen itace aka yanko su ba. Akan niƙe itace ne ya zama gari ko ƙananan ɓarɓashi, a cuɗa da gam, a danne da zafi da nauyin inji har ya zama falle, sa'an nan a manna masa siririyar fata mai zanen katako ko mai ƙyalli. Mai laushin gari shi ne kafintoci suke kira MDF; mai manyan ɓarɓashi ya fi shi araha, ya kuma fi shi rauni. Falle ɗaya yakan zo da faɗin ƙafa 4 da tsawon ƙafa 8. Waɗansu kayan sukan iso a yanke cikin kwali daga Sin ko Turkiyya, waɗansu kuma kafintocinmu ne suke sayen fallayen su yanka a shagunansu. Ko ta wace hanya suka zo, cikinsu ɗaya ne: gari da gam, a lulluɓe da kyakkyawar riga.

Dabarar sayar da kayan ɗaki a kwance ta yi suna ne ta hannun kamfanin IKEA, wanda Ingvar Kamprad ya kafa a ƙasar Suwidin a 1943. Wajen 1956 kamfanin ya soma sayar da tebur da ƙafafunsa a cire, domin ya shiga kwali, mai saye ya ɗaura da kansa a gida. Kuɗin dako ya ragu, kuɗin ajiya ya ragu, farashi ya sauko. Wannan alheri ne, kada mu raina shi. Malamin makaranta da ƙaramin ma'aikaci, waɗanda a dā sai su rataye tufafinsu a igiya, yau suna iya mallakar wurin adana su. Ga shi kuma katakon kirki ya yi wuya. Maɗaci ya ƙaranta a dazuzzukanmu, madobiya kuwa an sare ta an fitar da ita waje har aka shigar da ita, a 2017, cikin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ta taƙaita cinikinsu. Saboda haka ba na ce maka ka ƙyamaci kayan araha. Cewa nake yi ka san halinsu kafin ka miƙa kuɗinka, ka kuma san halin ƙasar da za ka ajiye su a ciki.

Babban maƙiyin irin wannan katako ruwa ne. Itace na ainihi in ya jiƙe yakan bushe ya koma kusan yadda yake. Garin katako kuwa in ya sha ruwa sai ya kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi, gam ɗin ya saki, fatar ta ɗago, kuma ba ya komawa har abada. Mu kuwa mutanen kwarin Rima ne. Fadamar da take ba mu shinkafa da kifi ita ce take aiko da laima cikin ɗakunanmu a watan Agusta da Satumba. Wanda ya ga ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa ta shiga gidaje a Argungu da kewayen Birnin Kebbi, ya san ruwa ba ya sallama kafin ya shigo. Amma ba sai an yi ambaliya ba. Ruwan goge ɗaki na kowace safiya, da yoyon kwano, da fitsarin jariri, da randar da take tsatsa a kusurwa, sun isa su cinye gindin wadirob a hankali. Daga ƙasa yakan fara, inda ido ba ya kaiwa, sai ranar da ƙofa ta ƙi rufuwa a gane.

Bayan ruwa sai zafi. A watan Afrilu da Mayu ma'aunin zafi yakan haura 40 a wannan yanki, ɗakin kwano kuma ya fi waje zafi. Zafin yana sassauta gam ɗin da ya riƙe bakin falle, sai siririn tef ɗin ya fara ɓallewa, ya buɗe wa laima ƙofa. Shi ne kuma yake ƙara fitar da warin nan mai yaji a ido da ake ji a sabon kaya, wanda yake fitowa daga sinadarin fomaldehaid na cikin gam. Don haka sabon ɗaki yana bukatar a buɗe tagoginsa kwana da kwanaki kafin a kwantar da jariri a ciki. Gara ma ba ta jin kunyar ƙyalli. In ta sami hanya ta bayan kabad, sai ta ci cikin ta bar maka fatar tsaye.

Akwai kuma ƙaura. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991 aka mai da Birnin Kebbi hedkwata, gidajen haya suka yawaita, har gine-gine suka miƙa wajen Ambursa inda filin jirgin sama yake. Da yawa cikinmu ma'aikata ne da 'yan haya: bana kana nan, baɗi an mayar da kai Zuru ko Yawuri ko Jega. Sukuru yana kama itace na ainihi da kyau ko an kwance an sāke ɗaurawa. A garin katako kuwa, kowace kwancewa tana faɗaɗa ramin, har sukurun ya riƙa juyawa bai kama kome ba. Ɗauri na fari ƙarfi, na biyu lallaɓawa, na uku sai a koma ga ƙusa da igiya. In ka san zamanka a gidan nan ba mai tsawo ba ne, sa wannan cikin lissafinka.

Yanzu ga abin da ya fi asarar kuɗi nauyi. Kabad mai aljihuna da yawa, dogo marar faɗin gindi, yakan rinjaya gaba idan an jawo aljihunansa. Yaro kuwa tsani yake ɗaukarsa. A 2016 kamfanin IKEA ya janye irin waɗannan kabad wajen miliyan 29 daga gidajen mutane a Amurka, bayan da waɗansu suka fāɗa kan ƙananan yara suka kashe su. In haka ta faru inda daɓe yake a miƙe sumul, yaya ɗakunanmu da siminti yake da tudu da kwari, ga talabijin a ɗore a sama, ga yara biyar suna guje-guje? Maganin ba shi da tsada: ɗan ƙarfe mai lanƙwasa da sukurori kaɗan, a kafe saman kabad ɗin da bango. Ina roƙonka, in kana da irinsa a ɗaki, kada ka bari mako ya zagayo ba ka kira kafinta ba.

Na san wani gida a Birnin Kebbi inda aka aurar da 'ya'ya mata biyu, shekara ɗaya tsakaninsu. Ta fari an cika mata ɗaki har babu masakar tsinke: gado mai fitilu, wadirob mai ƙofa shida, kabad na bango guda. Uban ya sayar da amfanin gonarsa tun yana tsaye, uwar ta kwashi adashe biyu, aka ƙara da rance. Ta biyu kuwa, da yake hannu ya riga ya bushe, gadon ƙarfe aka yi mata wurin mai walda, da ƙaramin wadirob, da teburin katako. An yi ta tsegumi ranar jerenta. Kafin damina ta uku ta wuce, gindin babban wadirob ɗin nan ya ruɓe, ƙofofi biyu suna jingine a bango, uban kuwa bai gama biyan rancen ba. Gadon ƙarfen yana nan, an haifi 'ya'ya uku a kansa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ganin dattijo yana biyan kuɗin abin da ya riga ya mutu.

Daga nan na ɗauki ma'aunin da nake ba ka: kada bashin kaya ya fi kayan tsawon rai. Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma a zamaninmu araha ta koyi yin ado, har ta fi mai tsada ɗaukar ido. Abin da ba ta koya ba shi ne daɗewa. Kuma in mun faɗi gaskiya, yawancin abin da yake tura mu cika ɗaki da kayan da ba za su kai ko'ina ba, tsoron bakin mutane ne. Muna saye domin baƙin yini ɗaya, mu bar wa 'yarmu wahalar shekara goma. Waɗanda suka yaba ranar jere ba za su zo su taya ta ɗaga katifa ba ranar da gadon ya karye.

To, yaya mai ƙaramin ƙarfi zai yi? Ka raba kuɗinka bisa ga wahalar da kowane kaya zai sha. Abin da zai ɗauki nauyin mutum kullum, wato gado da kujera da teburin cin abinci, a yi shi da ƙarfe ko katako na ainihi, ko da babu ado. Abin da zai tsaya wuri ɗaya yana riƙe da tufafi, wannan ana iya yinsa da falle. In ka je saye, kada ka tsaya a gaban kayan, zagaya bayansu. Tambayi kaurin fallen. Mai milimita 18 ya fi mai 12 nesa ba kusa ba. Dubi bakin da aka yanka, ka ga ko an rufe shi ta kowane gefe, har na ƙasa. Jawo aljihu ka danna cikinsa da tafin hannu. Girgiza wadirob ɗin kaɗan. In ya yi rawa a shago, a gida sai abin da ya ƙaru. Kanta mai tsawo da ba ta da tokari a tsakiya za ta lotsa. Ka kuma nemi a sa masa ƙafafu na roba ko na ƙarfe, domin gindinsa ya rabu da ƙasa.

In kayan sun riga sun shiga ɗaki, kulawa tana ƙara musu kwana. A ɗora su a kan bulo ko guntun tayil. A bar ɗan rata tsakaninsu da bangon da yake jiƙewa da damina. A goge su da tsumma mai ɗan danshi, kada a kwara ruwa. Kada a ja su a ƙasa da kaya a ciki. A riƙa leƙa bayansu saboda gara, a ƙara ɗaure sukurori bayan hunturu.

Ke kuma uwar amarya, 'yar'uwata, na san zuciyarki. Ba alfahari kaɗai yake motsa ki ba. So kike kada a raina 'yarki a gidan miji. Amma ki tuna, daraja da aka gina da garin katako damina ɗaya take jira. Ki ba ta kaɗan mai ƙarko, ki bar mata sauran kuɗin ya zama jari ko keken ɗinki. Ku 'yan zumuntar mata, ku ne masu jere, ku ne kuma masu baki. Ranar da kuka fara yabon ɗaki saboda ƙarkon kayansa maimakon yawansu, iyaye da yawa za su yi barci da daɗi. Kai ango, ka faɗa wa surukanka tun da wuri cewa ba kabad ka zo aure ba. Kalma ɗaya daga bakinka tana iya sauke wa dattijo kayan shekara biyu.

Kai ma ɗan'uwa kafinta da kake zaune tare da mu ran Lahadi, sana'arka mai daraja ce, gama mutanen Nazarat da sassaƙa suka san Ubangijinmu kafin su san shi da wa'azi. Mai saye fata yake gani, kai ne ka san ciki. Idan ka sa siririn falle inda aka biya kuɗin mai kauri, ko ka bar gindin a buɗe domin ba mai dubawa, za a daɗe ba a gane ba, amma za a gane. Faɗa wa mai saye gaskiyar abin da kuɗinsa zai iya saya, da shekarun da zai yi. Wataƙila ka rasa ciniki ɗaya yau, amma wanda ka yi wa gado mai ƙarko shi zai kawo maka aikin ɗakin 'yarsa.

Allah ya ba mu wadar zuci da idon da yake duban bayan kaya, ya tsare 'ya'yanmu a cikin ɗakunanmu, ya raba iyaye da bashin da ya fi ƙarfinsu, ya sa gidajen da muke kafawa su fi kayan cikinsu daɗewa. Amin.