Ƙasar da Gari Ɗaya Ba Ya Isar Suna

Wanda ya je tashar jirgin ƙasa a Mosko, babban birnin Rasha, ya ce a yanka masa tikitin Rostof, sai mai sayarwa ta tambaye shi: wanne? Akwai tsohon Rostof, kimanin kilomita 200 arewa maso gabas da Mosko, wanda littattafan tarihi suka ambata tun shekarar 862. Akwai kuma Rostof na bakin kogin Don, can kudu, tafiyar kusan kilomita 1,000, wanda aka kafa a 1749, yau kuma mutanensa sun haura miliyan ɗaya. Ƙanen ya fi yayan girma nesa ba kusa ba, shi ya sa ake maƙala wa kowanne laƙabi: wancan Rostof Babba, wannan Rostof na Don.

Haka abin yake da Nofgorod guda biyu. Na bakin kogin Folga, wanda aka kafa a 1221, ana kiransa Nizhni Nofgorod, shi kuwa tsohon na arewa maso yamma sai a 1999 aka ƙara masa "Feliki" a hukumance, wato Babba.

Birane ke nan, nasu mai sauƙi ne. A ƙauyuka abin ya fi ƙamari. Sunaye irin su Aleksandrofka, Ibanofka da Mihailofka kowannensu ɗaruruwan ƙauyuka ne ke amsa shi, kamar dai yadda Tudun Wada da Sabon Gari suka bazu a ƙasar Hausa. Abin da ya fi jan hankalina shi ne dalilin haka, domin sunayen suna nuna wanda ya riƙe ƙasar a kowane zamani.

Kafin 1861, lokacin da Sarki Aleksanda na Biyu ya 'yanta manoma, talakawan karkara da yawa a ɗaure suke da gonakin iyayengijinsu. Mai ƙasa kan kafa ƙauye ya raɗa masa sunansa, ko na ɗansa, ko na matarsa, sunayen yanka kuwa ba su da yawa, Iban ne, Mihail ne, Aleksanda ne. Majami'a ma ta bar nata tambarin: ƙauyen da cocinsa ke ɗauke da sunan waliyyi Nikola sai ya zama Nikolskoye. Sai kuma masu ƙaura. Da aka fara shimfiɗa layin dogo zuwa Saiberiya a 1891, miliyoyin manoma suka kwashi iyali suka nufi gabas, da yawansu kuma suka sa wa sabon mazauni sunan ƙauyen da suka baro. Wannan ni ba na ganin laifinsa ko kaɗan. Mai kewar gida da abin da ya samu yake rage zafi.

Sunayen zamanin Tarayyar Sobiyet ne ke damuna, don daga sama aka ƙaƙaba su. Bayan kisan ɗan siyasa Sargei Kirof a 1934, birnin Fiyatka ya koma Kirof, ga kuma Kirofsk a lardin Murmansk da wani a lardin Leningrad. Garuruwa uku ke amsa Sobetsk, ɗaya daga cikinsu shi ne tsohon Tilsit, inda Napoliyon na Faransa ya ƙulla yarjejeniya da sarkin Rasha a 1807. A 1946 aka shafe wannan suna mai tarihi, aka ba garin wanda ba ya bambanta shi da kowa. Mirni ma biyu ne: ɗaya garin haƙar lu'ulu'u a Yakutiya, ɗaya kuma maƙwabcin tashar harba kumbo ta Plesetsk.

To yaya wasiƙa ke isa hannun mai ita? A bayan ambulan ba a tsayawa ga sunan ƙauye. Sai an rubuta gunduma, an rubuta lardi, sannan lambar gidan waya mai alƙaluma 6, wadda aka fara amfani da ita a 1971. Alƙaluma ukun farko su ke nuna yankin da za a kai ta. Wasu ƙauyukan kuwa babu mai karɓar wasiƙar ma, domin ƙidayar 2010 ta tarar da fiye da 19,000 da sunansu ke cikin rajista amma ba kowa a cikinsu.