Ƙasar da kuɗi ke da rai

Akwai wani Alhaji a Maradi, dattijo mai shekara 58, wanda ya shafe shekara talatin yana sarin atamfa da shadda. A cikin akwatinsa na ƙarfe yana ajiye da wuri bakwai da ya gada daga kakarsa. Ita ce ta faɗa masa tun yana yaro cewa da irinsu aka biya sadakin uwarta, kuma daga gare su kalmar kuɗi ta fito: ɗaya wuri, in sun yi yawa kuɗi. Sai dai tsohuwar ta koma ga Allah ba ta faɗa masa daga wace ƙasa aka kawo su ba.

A shekara ta 2023 ya tafi sari Dubai, inda babban ɗansa ke aiki. Yaron ya koyi nitso a teku da tukunyar iska, har yana da takardar shaida. Da suka ƙare lodin kaya sai ya ce: «Baba, ka ba ni kwana biyar in kai ka ƙasar da kuɗin kaka suka fito.» Tafiyar wajen awa huɗu a jirgin sama ta sauke su a Maldib, cikin tekun Indiya.

Maldib tsibirai ne kusan 1.200, amma wajen 200 kaɗai ke da garuruwa. Ƙasar ba ta da tudu: a matsakaici, metir ɗaya da rabi ne tsakanin doronta da ruwan teku. Mutanenta Musulmi ne tun 1153. Ibn Batuta ya sauka can a 1343, har ya yi alƙalanci a Male, babban birninsu. Ya tarar ana sayar da wuri 400.000 a kan dinari guda na zinariya. Wajen shekara goma bayan haka ya ga irinsu a Mali da Gawo, 1.150 a kan dinari. Alhaji ya buga lissafin ribar a zuci, ya girgiza kai. Amma ya yi shiru da ɗan ya ƙara masa da cewa daga baya jiragen Turawa sun riƙa kwasar wuri zuwa gaɓar Afirka ta Yamma suna sayen bayi da shi.

Yau ba wuri ke ciyar da Maldib ba. Tun da aka buɗe otel na farko a 1972, baƙi ke zuwa, kuma a 2024 yawansu ya wuce miliyan biyu. Da yawansu abin da ke ƙarƙashin ruwa suke biyan kuɗi su gani. Wannan ya ɗaure wa Alhaji kai: wace irin haja ce ake biya, a tafi a bar wa mai ita?

Shi kuwa iyakar saninsa da ruwa iyon ƙuruciya ne a tabkin Madarunfa. Bayan likita ya duba shi, malamin nitso ya yi masa darasi, ɗan yana fassara. Kowane metir goma da mutum ya nutsa, nauyin da ke danne jikinsa na ƙaruwa da kwatankwacin nauyin dukan iskar sama. Saboda haka akan toshe hanci a hura a hankali don kunne ya daidaita. Ba a riƙe numfashi ko kaɗan, domin iskar da ke cikin huhu tana kumbura idan ana hawa. Ba a fitowa da gaggawa, kada iskar da ta narke cikin jini ta yi kumfa. Sabon shiga ba ya wuce metir 12, gwani ma dokar ƙasar ta tsayar da shi a metir 30.

Kwalekwalen da suke kira doni ya kai su Banana Reef, arewa da Male, ɗaya daga cikin wuraren nitso na farko da suka yi suna a ƙasar. An aza masa tukunya a baya, tiyo a baki, gilashi a fuska. Ya yi Bismilla, gabansa na faɗuwa, ya bi igiya ƙasa. Can sai duniya ta yi tsit, ba ya jin komai sai numfashinsa. Ga garken kifi rawaya masu ratsin shuɗi, ɗaruruwa, suna juyawa tare kamar jan-baki a kan gonar hatsi. Ga duwatsun murjani, wasu kamar ƙahon barewa, wasu kamar faifai. Gani ya kori ji.

Sai hannun ɗan kasuwa ya yi abin da ya saba. Ya miƙa zai ɓalle ɗan reshe guda, tsarabar gida. Malamin ya kama wuyan hannunsa, ya kaɗa masa yatsa. Rabon da a hana shi ɗaukar abu har ya manta. Ya fito ransa a ɓace.

A cikin doni malamin ya ba shi haƙuri, ya yi masa bayani. Murjani ba dutse ne kawai ba, gidan wasu ƙananan halittu ne masu rai, kuma manyan curarrakinsa wajen santimetir ɗaya suke ƙaruwa a shekara. Shi ke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta isa gari, daga gare shi yashin tsibiran ke samuwa, a cikinsa kifi ke haihuwa. Idan ruwa ya ɗara zafin da ya saba da digiri ɗaya na tsawon makonni, murjani kan yi fari fat, in abin ya daɗe ya mutu. A 1998 mafi yawan na ruwa marar zurfi ya mutu, aka sake yin wata ɓarnar a 2016. Wannan damuwa, da ta hauhawar teku, ta sa a watan Oktoba na 2009 shugaba Mohamed Nasheed da ministocinsa suka goya tukwane, suka yi taro a ƙarƙashin ruwa don duniya ta ji kukansu.

Da dare ɗan ya shimfiɗa taswira yana nuna masa sauran wurare. Ga Maldive Victory, jirgin dakon kaya da ya nutse a 1981 kusa da filin jirgin sama, wanda murjani ya mayar da shi gida. Ga Maaya Thila a yankin Ari, tsauni ne a cikin ruwa, inda ake nitson dare da fitila. Ga Fuvahmulah can kudu, inda gwanaye ke haɗuwa da manyan kifayen nan masu haƙora da Faransawa ke kira requin. Ga kuma Hanifaru a yankin Baa, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren da ake kiyayewa a 2011. A nan, daga Mayu zuwa Nuwamba, kifin manta mai faɗin tabarma, wanda ke kai metir uku zuwa huɗu, kan taru da yawa. Da cunkoso ya fara takura wa kifin, hukuma ta hana shiga da tukunya, sai dai a yi iyo a sama a leƙa. Alhaji ya gane wannan ba tare da fassara ba: don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Ranar ƙarshe, bayan sallar asuba, ruwa ya janye. Malamin ya kai shi bakin gaɓa, ya ɗaga wani ɗan dutse. Ga wuri nan manne, yana tafiya a hankali kamar dodon koɗi, wata tattausar fata ta lulluɓe bayansa. A da ganyen kwakwa ake zubawa a ruwa, su hau, a janyo a shanya a rana har naman ya ruɓe, ƙoƙon ya zama kuɗi. Wanda aka kwashe ya zaga duniya, ya sayi gishiri da dawaki da mutane, ya ƙare a ado na ƙwarya da wasan yara.

Alhaji ya daɗe a tsugune yana kallo. Ɗan ya ce: «Baba, ga kuɗin kaka.» Ya ce: «Na gani, ashe suna da rai.» Sa'an nan ya sa hannu biyu ya mayar da dutsen yadda ya same shi.

Ya komo Maradi da dilolin shadda daga Dubai, daga Maldib kuwa ko tsinke. Abokan kasuwa suka yi ta yi masa ba'a, wai ya je mahaifar kuɗi ya dawo hannu rabbana. Wurin nan bakwai suna nan a akwati, yakan fito da su idan jikoki sun taru.