Kwana 11 a Kan Ruwa, da Alƙawarin da Na Karya wa Hajiya

Yau dai zan fasa ƙwai, in ba ku labarin wani abu da na daɗe ina nuƙu-nuƙu da shi, wanda ko abokan zamana na majalisa a Agege ba duka suka sani ba.

Tun shekarar 2000 nake zaune a Legas, na fara da Obalende kafin na yi aure na koma Agege. Kamar yawancinmu 'yan Arewa mazauna garin nan, na san Mile 12, na san Idi-Araba da Alaba Rago, amma teku kam baya na ba ta. In motar haya ta hau gadar Third Mainland, wadda tsawonta ya kusa kilomita 12, ba na ɗaga kai in dubi ruwan, salati nake ta yi har mu sauka. Ina da dalilina. A daminar 1989 ƙanena ya nutse a wani kududdufi da ke bayan unguwarmu a Kano, yana da shekara 9, ni ina da 11. Tare muka je. Ina tsaye a gaɓa ina ihu, ban san abin da zan yi ba, manyan da suka rugo su ma babu wanda ya iya iyo. Bayan sadakar bakwai Hajiya ta zaunar da ni, da yake ni ne ɗan fari ba ta kiran sunana, sai ta ce, "Kai, ka yi mini alƙawari, kai da ruwan da ya wuce gwiwarka har abada." Na yi mata. Shekara 33 ina riƙe da alƙawarin nan.

A wurin aikinmu akwai wani dattijo ɗan ƙabilar Ilaje daga jihar Ondo, mutanen da a kan ruwa ake haihuwarsu, a kan ruwa suke girma. Baba muke ce masa, shi kuma yana ce mini Malam. Da ya yi ritaya sai ya zuba kuɗin sallamarsa a wani tsohon ƙaramin jirgin ruwa irin mai tafiya da iska, tsawonsa mita 8, ya shekara biyu yana gyaransa da hannunsa. Rannan na je gaishe shi ya ce in zo mu yi 'yan kwanaki a ciki, mu bi ruwa mu je Badagry mu dawo. Na yi dariya, na ba shi labarin ƙanena. Ya yi shiru can, sannan ya ce, "Malam, ba shiga ruwa ce ta kashe ƙanenka ba. Rashin wanda zai koya masa fita ne." Wallahi maganar nan ta ɓata mini rai, har na tashi ba sallama. Amma sati biyu tana cina a zuci, daga ƙarshe da ƙafata na koma.

Baba bai yarda na taka jirginsa ba sai da na yi wata huɗu ina koyon iyo a wani wurin wanka mara zurfi, ni gardi ɗan shekara 44 a cikin yara 'yan firamare suna mini dariya. Maiɗakina kaɗai ta sani. Hajiya kuwa duk Juma'a muna waya, ban taɓa ko da kuskuren gaya mata ba.

Mun tashi a watan Disamban 2022, hazon hunturu ya fara sauka. Bari in kwatanta muku jirgin. Ɗakinsa bai kai shagon mai shayi ba, ba ka iya miƙewa tsaye a ciki sai ka sunkuya. Benci biyu ne, da rana wurin zama, da dare gado. Akwai risho ɗan ƙarami da aka rataye shi yadda ko jirgi ya karkata tukunya ba za ta zube ba, da faifan sola guda da ke cajin batir don fitila da waya. A tsakiya akwai doguwar sanda wadda ake ɗaga ƙyallaye biyu masu kama iska a jikinta, a ƙarƙashi kuma wani ƙarfe mai nauyi da ya nutse wajen mita ɗaya cikin ruwa, shi ke hana iska kifar da jirgin. Akwai ɗan inji a baya, amma Baba ba ya tayar da shi sai dole.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ƙishirwa. Ga ruwa gabas da yamma, amma ba na sha ba, gishiri ne. Jarka huɗu muka ɗauka masu cin lita 25, Baba ya yanka mana lita 5 kowa a rana, sha da girki da wanke baki duk a ciki. A nan kam na fi shi ƙwarewa, domin wanda ya taso yana sayen ruwa wurin 'yan garuwa ba a koya masa tattalin ruwa. Alwala kuwa guga nake zurawa in ɗebo, tunda malamai sun tabbatar ruwan teku mai tsarki ne kuma yana tsarkakewa. Alƙibla ce ta ba ni aiki. Daga Legas tana wajen digiri 63 a kamfas, wato gabas maso arewa, to amma jirgin da ya saki anka juyawa yake yi duk inda ruwa ya ja shi. Sai in kabbara ina duban gabas, kafin in kai zaman tahiya hancin jirgi ya koma wani wajen. Da na ga haka sai na koyi duba ruwa kafin in tada salla, in an sami wurin sauka kuma in yi ta a ƙasa.

Hanyar Badagry ta cikin wani dogon rafi ce da ya bi bayan gaɓar teku, ka wuce Apapa da Tin Can da tsibirin Snake Island, ka miƙa yamma, tsakaninka da teku sai siririn tudun yashi mai cike da bishiyoyin kwakwa. A mota tafiyar 'yan sa'o'i ce in babu cunkoso, mu kuwa kwana huɗu muka yi. Dalili shi ne iskar wannan yanki galibi daga kudu maso yamma take busowa, kusan daga inda muka dosa ke nan, jirgin iska kuwa ba ya iya tunkarar iska kai tsaye. Sai dai ka karkata dama, ka karkato hagu, kamar mai hawa dutse da jaki. Da safe kuma sau da yawa iskar ɗif take, sai bayan azahar in ƙasa ta yi zafi sannan ta teku ta taso. Ga kuma cika da janyewar teku, sau biyu a yini da dare, kowanne kamar sa'a shida, kullum yana ƙara jinkiri da kusan minti 50. A rana ta biyu muka yi ganganci muka matsa gefe ruwa yana janyewa, ƙarfen ƙasa ya kafe a taɓo. Na ce Baba yanzu yaya za mu yi? Ya ce a dafa shayi. Haka muka zauna jirgi a karkace, sauro da wasu ƙananan ƙwari masu cizo kamar barkono suna shagalinsu, har ruwan da ya ajiye mu ya dawo ya ɗauke mu. Ni da na saba da Legas ta gaggawa, ranar na gane a kan ruwa agogonka ba shi da amfani.

Abinci kuwa garin kwaki ne da ƙuli-ƙuli da kilishin da na yi guzuri, sai kifi ɗanye da muke saya wurin masunta 'yan ƙabilar Egun da ke zuwa a kwalekwalensu. Na ga yarinyar da ba ta wuce shekara 7 ba tana tuƙa kwalekwale ita kaɗai, ƙanenta na zaune a gaba. Na daɗe ina kallonsu.

A rana ta uku abin ya faru. Dokar Baba ita ce ba a fitowa daga ɗaki sai da rigar kariya a jiki, a ɗaure, ko da zafi zai kashe ka. Na sha yi masa ƙorafi a kanta. Da la'asar muna cikin juyawa, na miƙe in cire wata ciyawa mai kama da kainuwa da ta naɗe igiya, ban ji gargaɗinsa ba, sandar da ke kwance a ƙasan babban ƙyallen ta zo da ƙarfi ta make ni a kafaɗa. Sai gani na yi ina cikin ruwa. Jama'a, iyon wata huɗun nan duk ya gudu daga kaina. Na shaƙi ruwa, na ga duhu, kuma wallahi ba matata ko 'ya'yana na tuna ba, fuskar Hajiya na gani lokacin da za a gaya mata cewa na biyun ma ruwa ya ci. Rigar ce ta cillo ni sama ta juya ni rigingine. Na ji muryar Baba yana cewa kada in yi kokawa, in kwanta kawai. Na kwanta. Ya kewayo da jirgin ya jefo mini igiya, duka-duka abin bai fi minti biyar ba. Da daren nan ban runtsa ba, na yi kukan ƙanena irin wanda ban yi ba a 1989, domin na ga ɗan abin da ya raba mai rai da gawa: riga guda, da mutum ɗaya a kusa wanda ya san abin yi.

A Badagry mun kwana biyu. Muka haye tsibirin Gberefu, na taka hanyar yashin da ake kora bayi zuwa bakin teku. Cikin waɗanda aka yi safararsu ta gaɓar nan zuwa Bahia ta ƙasar Brazil har da Hausawa, su ne ma suka kitsa yunƙurin tawayen 1807 a can. Ashe ruwan nan ya san Bahaushe tun kafin ni. Dawowa kuwa da iska a bayanmu kwana biyu ta ɗauke mu. Sauran kwanakin muka yi su a kusa da Tarkwa Bay, rana ɗaya muka fita ta tsakanin dogayen katangun duwatsun da suka tsare bakin tashar Legas, muka shiga teku sosai, inda manyan jirage ke jiran layi. Na yi amai har na gode Allah. Ba mu yi nisa ba, kuma kafin magariba muka koma, domin Baba ba ya wasa da maganar 'yan fashin teku.

Saura babban aiki. Da Ƙaramar Salla ta 2023 na je Kano, bayan an watse na shiga ɗakin Hajiya na durƙusa na gaya mata komai, har faɗawar da na yi ban ɓoye ba. Na ce na karya alƙawari, ta yafe mini. Ba ta ce uffan ba, ta jawo carbinta, ni kuma na fita jiki a sanyaye. Kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ni dai na san ban kyauta ba da na yi abin a ɓoye, ya kamata in nemi izininta tun farko ko da za ta hana, wannan laifina ne kuma ba na kare shi.

Ana gobe zan tafi ta aiko a kira ni. Ta tuna mini da jirgin da ya kife a Bagwai a watan Nuwamban 2021, wanda yawancin waɗanda suka rasu a cikinsa yara ne 'yan Islamiyya, ta ce tun ranar da ta ji labarin a rediyo take tunanin jikokin ƙanwarta da ke ƙauye, waɗanda sai sun hau kwalekwale suke zuwa kasuwa in damina ta yi nisa. Sannan ta ce, "Kai, wannan rigar da ka ce ta ɗago ka, akwai ta yara?" Na ce akwai, Hajiya. Ta kwance bakin zaninta ta ƙirgo kuɗi ta ce in sayo guda shida. Na ce ta bar shi zan saya, ta ce a'a, da kuɗinta take so.

Ba ta ce ta yafe ba da baki, ni ma ban sake tambaya ba. Da na dawo Legas na aika da rigunan a motar Kano, na kuma sa 'ya'yana uku koyon iyo, har da macen, wurin wata malama. 'Yan uwa mazauna Kudu, mu da 'ya'yanmu ke tashi a garuruwan da ruwa ya kewaye, Legas ne ko Fatakwal ko Warri ko Kalaba, ina roƙonku ku duba wannan magana. Kuma duk wanda zai hau jirgin ruwa, ko na Ikorodu ne zuwa cikin gari, in an miƙo masa rigar nan ya ɗaura ta da kyau, kada ya riƙe a hannu.

Allah Ya jiƙan ƙanena da duk waɗanda ruwa ya ci, Ya ƙara wa Hajiya lafiya, Ya saka wa Baba da alheri. Sai mun sake haɗuwa in Allah Ya kai mu.