Kwana Biyu A Malaga, Da Tambayar Da Ta Biyo Ni Gida

A bara ne aka tura mu wani taron bita kan noman rani a yankin Almeriya da ke kudancin ƙasar Sifaniya. Da aka watse, sai ya kasance jirgin da zai dawo da mu gida ba zai tashi daga birnin Malaga ba sai bayan kwana biyu. Ni mutumin Saminaka ne a ƙasar Birnin Gwari, ban taɓa tsayawa a bakin teku ba sai a wannan tafiya, guzurina kuma ya kusa ƙarewa. Ga ni da 'yan kuɗi kaɗan, da wuni biyu, a birnin da aka kafa kusan shekara 2,800 da suka wuce.

A daren da muka sauka na ɗauki biro na rubuta wurare 14 da nake son gani. Wani dattijo daga Zariya da muke ɗaki ɗaya ya karɓi takardar, ya duba, ya yi dariya. Ya ce: “Malam, taura biyu ba ta taunuwa, kai kuma ka ɗebo goma sha huɗu. In ka sauka garin da ba ka sani ba, nemi fada, nemi kasuwa, sannan ka nemi inda talakawa suke shan iska da yamma. Sauran ka bar wa wata tafiyar.” Na bi shawararsa, kuma ita nake miƙa wa duk mai karatun da ya sami kansa a irin wannan hali.

Fadar Malaga ita ce Alkasaba, sunan da ya fito daga Larabci. Sarakunan Musulmi na Andalus ne suka gina ta a ƙarni na 11 a gefen tudu, da ganuwa biyu, ɗaya cikin ɗaya. Ƙofofinta a karkace suke kamar zaurukan gidan sarauta, yadda mahayi ba zai shigo da sukuwa ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a matsayina na manomi shi ne ruwa. Sun yi masa 'yan siraran hanyoyi a tsakiyar daɓe, yana gangarowa daga lambu zuwa lambu, ba a ɓarnar ko ɗigo. Daga can muka hau tudun Jibralfaro, mai tsayin kimanin mita 130, inda Sarki Yusuf na Ɗaya na Garanada ya ƙarfafa sansanin tsaro a ƙarni na 14. Hawan da wuya, dattijon nan sai da ya huta sau uku. Wanda zai je ya tafi da sassafe, ya riƙe ruwan sha, domin daga sama ne ake ganin tashar jiragen ruwa da tsohon gari da teku a lokaci guda.

A kan wannan ganuwa na tuna cewa Ibn Battuta ya ratso Malaga wajen 1350, ya yaba inabinta da ɓaurenta da rumaninta. Bayan shekara uku yana Takedda a ƙasar Nijar ta yau, inda ya ambaci tagullar da ake kaiwa Gobir da Barno. Ashe ƙafa ɗaya ta taka nan, ta taka kusa da mu. A watan Agustan 1487 birnin ya faɗa hannun Sarki Fernando da Sarauniya Isabel bayan an kewaye shi fiye da wata uku, aka bautar da mafi yawan mutanensa. Babbar majami'ar garin an soma gininta a 1528 a wurin da babban masallaci yake a da, har yau kuma hasumiyarta ɗaya ba a gama ba. Na tsaya a farfajiyarta mai itatuwan lemu, na yi shiru na ɗan lokaci, na wuce.

Washegari muka yi sammakon kasuwar Atarasanas, domin da rana ta yi tsaka ake tashi, ranar Lahadi kuma ba ta ci. Ƙofarta ta farin dutse ta zamanin Musulmi ce, daga lokacin da wurin yake maƙerar jiragen ruwa, teku na lasar gindin bangonsa. Yau sai ka yi tafiya kafin ka kai ruwa. Na ga zaitun kala-kala, da zabibi, da tumatirin da na san daga irin rumfunan ledar Almeriya ya fito, kowane kaya da farashinsa a rubuce. Musulmi ya kula, naman alade a rataye yake ko'ina, don haka kifi da kayan lambu su ne mafita.

Da yamma muka shiga bas zuwa El Palo, unguwar masunta. A can suna cika tsohon kwale-kwale da yashi, su hura wuta a kai, su soke ƙananan kifaye a tsinke su kafa kewaye da wutar. Da na gani sai na ce da dattijo: “Baba, ai tsire ne!” Tukubarsu ce kawai ta bambanta da tamu. Tsofaffi na zaune, yara na guje-guje a yashi har ƙarfe goma na dare, ba wanda yake waiwaye.

Akwai abin da na bari, kuma ba zan ɓoye ba. Ban shiga gidan tarihin Picasso ba, mai zanen da aka haifa a garin a 1881. Fadar Alhambara ta Garanada ma, wadda ba ta kai tafiyar awa biyu a mota ba, na haƙura da ita, domin tikitinta sai an saya tun da wuri, zuwa da dawowa kuma zai cinye wuni guda. Ta tsaya mini a rai. Amma da na je, da na ga gari biyu a guje ban san ko ɗaya ba.

A wurin cin kifin ne wani Basifane, malamin gona da muka yi bita tare, ya yi mini tambaya cikin fara'a. Ya ce idan ya zo garinmu da kwana biyu a hannunsa, me zan nuna masa?

Amsa tana bakina. Muna da gandun dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936, aka mayar da shi na ƙasa a 1999, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 1,100. Muna da mafaɗar ruwa ta Dogon Ruwa da Goron Dutse. Muna da Tsohuwar Birnin Gwari, da kasuwar shanu, da ƙasar noman da take ciyar da garuruwa da masara. Fada, kasuwa da dandali duk muna da su. Amma sai na ji harshena ya yi nauyi, domin na tuna cewa 'ya'yana, waɗanda aka haifa a gefen wannan daji, ba su taɓa ganin Dogon Ruwa ba. A wurinsu daji shi ne inda ake kai mutum a nemi kuɗin fansa. Na tuna shekarun da in za ka bi hanyar Kaduna ta Buruku da Udawa sai ka yi sallama da iyali kamar mai tafiya yaƙi. Na gaya masa gaskiya, ban rage komai ba.

Bai yi mamaki yadda na zata ba. Ya ce hanyar bakin teku da ta haɗa Malaga da Almeriya, inda muka fito, a watan Fabrairun 1937 lokacin yaƙin basasarsu, jama'a sun bi ta suna gudun hijira, aka yi ta yi musu ruwan wuta daga sama da teku, dubbai suka mutu. Ya ce kakarsa tana cikin waɗanda suka tsira. Ya ƙara da cewa ita kanta Alkasabar da na yaba, kango ce da talakawa suka yi 'yan ɗakuna a ciki, sai a shekarun 1930 aka soma gyaranta. Tsohon dandalin wasan Rumawa da ke gindinta kuwa a binne yake, ba a gano shi ba sai 1951.

Ban kawo wannan don in ce halinmu da nasu ɗaya ba ne. Abin da na ɗauka shi ne, wurin da ake tsoro yau yana iya zama wurin da ake kai baƙo gobe, in an sami waɗanda suka riƙe labarinsa kafin ya ɓace. Tun sulhun da Gwamna Uba Sani ya jagoranta a ƙarshen 2024, aka sake buɗe kasuwar shanu, motoci sun dawo hanya, manoma da dama sun koma gonakin da suka bari. Muna godiya ga Allah, muna kuma sane cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ba zan yi wa kowa alkawarin abin da ba na iko da shi ba.

Abin da yake hannunmu shi ne dattawan da suka san sunan kowane dutse da rafi a Kamuku, tsofaffin mafarauta da ma'aikatan gandun daji, suna ta ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ya kamata malaman makarantunmu su zauna da su, su rubuta abin da suka sani. Masarauta da ƙaramar hukuma da hukumar gandun daji su soma tunanin ranar da za a kai 'yan makarantar yankin su ga ruwan nan da idonsu, in tsaro ya tabbata, kafin a yi zancen baƙi daga waje. Ni dai na soma da gidana. Na kai 'ya'yana wurin wani kawuna da ya yi farauta a dajin yana saurayi, ya ba su labarin giwaye da gwanki har dare ya raba. Ƙaraminsu ya tambaye ni yaushe za mu je. Na ce masa in Allah Ya yarda, kuma na rubuta wa malamin gonar nan cewa jerin wurarena uku yana nan, ina jiran ranar da zan aika masa goron gayyata.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya nuna mana wannan rana.